Wa ke tafiyar da gwamnati idan shugabanni sun fita yaƙin neman zaɓe?

Wani mai bibiyar al'amuran ƙasa ya yi tambaya cewa, da zarar kakar zaɓen shugaban ƙasa ta kama a Najeriya, sai a ga shugaban ƙasa da mataimakinsa da ministoci da gwamnoni kullum suna kan hanya, yau suna Sakkwato gobe suna Fatakwal. To wa ke riƙe da gwamnati a wannan lokaci, kuma shin doka ta yarda mutum ya yi kamfe da jirgi da motoci da gidajen rediyon gwamnati?

Malam, a fuskar doka babu wani giɓi da ake samu. Sashe na 135 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adin shekara huɗu daga ranar da ya sha rantsuwa, kuma tun daga 1999 wannan wa'adi yana cika ne ranar 29 ga Mayu. Har zuwa safiyar wannan rana duk ikon zartarwa yana hannunsa, ko yana takara ko ba ya yi, ko ya ci zaɓe ko ya faɗi. Sashe na 145 ya tanadi yadda zai miƙa wa mataimakinsa riƙon ƙwarya idan zai tafi hutu ko ya kasa aiki, ta hanyar rubuta wa shugabannin majalisun tarayya biyu takarda, amma yawon kamfe ba ya cikin abin da ake ɗauka hutu, balle ma sau da yawa mataimakin yana kan dandamali ɗaya da shi. Wannan ya bambanta da ƙasashe irin su Indiya, inda da zarar hukumar zaɓe ta bayyana ranakun zaɓe sai wasu ƙa'idoji su fara aiki, waɗanda suka hana ministoci sanar da sababbin tallafi ko aza harsashin sababbin ayyuka har sai an kammala. Mu ba mu da irin wannan takunkumi, kuma yawancin abin da zan faɗa a ƙasa daga rashinsa ya samo asali.

Aikin yau da kullum kuwa ma'aikata ne ke yin sa. Manyan sakatarori da daraktoci, da Sakataren Gwamnatin Tarayya, da Shugaban Ma'aikata, da Akanta Janar, duk suna ofisoshinsu. Albashi yana fita, kwamitin rabon arzikin ƙasa yana zama duk wata ya raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kasonsu, kwastam na karɓar haraji, sojoji na bakin daga. Abin da ke tsayawa shi ne duk abin da yake buƙatar sa hannun ɗan siyasa. Babban sakatare yana da iyakar kuɗin da zai iya amincewa da kashewa. Abin da ya haura wannan sai an kai gaban minista, wanda ya haura na minista kuma sai Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Duk wanda ya taɓa bin takarda a wata ma'aikata a irin wannan lokaci ya san yanayin: fayil sun taru a kan teburin sakatariyar minista an ɗaure su da jan zare, 'yan kwangila da wakilan ƙungiyoyi sun cika kujerun ɗakin jira tun safe, kowa ya tambaya sai a ce masa oga ya tafi jiha, a dawo makon gobe. Ba wanda ya karya doka a nan, amma gyaran asibiti ko biyan haƙƙin wasu ma'aikata da ya kamata a gama cikin mako biyu sai ya kai bayan zaɓe, wani lokaci ma sabon minista ya zo ya ce a sake daga farko.

Zan ɗauki zaɓen 2023 misali, domin majalisa kan taɓa dokar zaɓe kusan kafin kowane babban zaɓe, adadin kwanaki da na kuɗi kan sauya, amma matsalolin suna nan yadda suke. An yi wancan zaɓe ne a ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022. Dokar ta ce a fara kamfe a bainar jama'a kwana 150 kafin ranar zaɓe, a daina awa 24 kafin ranar. Shi ya sa aka buɗe fage ranar 28 ga Satumba, 2022, aka jefa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Sai dai wannan a takarda ne kawai. Dokar ta tilasta wa jam'iyyu miƙa sunayen 'yan takara kwana 180 kafin zaɓe, jadawalin hukumar zaɓe ta INEC kuma ya sa aka yi zaɓukan fid da gwani tun a watannin Mayu da Yuni na 2022, kafin nan ma an shafe watanni ana zawarcin daliget. Idan aka haɗa lissafi, hankalin masu mulki ya bar aiki ya koma siyasa fiye da shekara guda cikin wa'adin shekara huɗu.

A kan ministocin da su kansu suke neman kujera, dokar 2022 ta zo da wani sashe da ya tayar da ƙura, wato sashe na 84(12), wanda ya ce duk mai riƙe da muƙamin siyasa na naɗi ba zai zama daliget mai jefa ƙuri'a ba, kuma ba za a zaɓe shi a zaɓen fid da gwani ba. Ma'anarsa, minista ko kwamishina ko mai ba da shawara sai ya ajiye muƙaminsa kafin ya shiga. Shugaba Buhari ya sa hannu amma ya nuna bai gamsu da sashen ba, yana ganin ya ci karo da tsarin mulki, wanda ya nemi ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki kwana 30 kawai kafin ranar zaɓe. Wata Babbar Kotun Tarayya a Umuahia ta soke sashen a watan Maris na 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jingine wannan hukunci, sannan a watan Yuni Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da shugaban ƙasa da Antoni Janar Abubakar Malami suka shigar suna neman a soke shi. Ana cikin wannan ja-in-ja ne, a watan Mayu, shugaban ya umarci duk ministan da ke da burin takara ya sauka kafin ranar 16 ga watan. Rotimi Amaechi na sufuri da Ogbonnaya Onu na kimiyya da Godswill Akpabio na Neja Delta da Emeka Nwajiuba ƙaramin ministan ilimi suka sauka. Malami, wanda ke harin kujerar gwamnan Kebbi, da Chris Ngige na ƙwadago suka janye burinsu suka ci gaba da zama.

A ganina wannan sashe gyara ne na gaske, kuma ya kamata a riƙe shi da kyau. Ka duba ma'aikatun biyu na ƙarshe da na ambata, ilimi da ƙwadago. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif ɗalibai suna zaune a gida. A tsakiyar wannan yaji, ministan ƙwadago da ke jagorantar sulhu da ƙaramin ministan ilimi duk suna cikin masu neman tikitin shugaban ƙasa na jam'iyyar APC, wanda fom ɗinsa kaɗai naira miliyan 100 ne. Ban ce takarar ce ta haddasa yajin ba, domin rikicin ASUU da gwamnati ya samo asali tun daga yarjejeniyar 2009. Amma mutum ɗaya ba zai kwana yana lissafin daliget ya wayi gari da cikakken hankalin warware rikici irin wannan ba, kuma iyayen da 'ya'yansu suka yi asarar shekara suna da haƙƙin jin ciwon abin.

Inda dokar ta yi shiru shi ne batun mai muƙamin da ba ya takara amma yake yi wa wani aikin kamfe, kuma a nan babu jam'iyyar da za ta wanke kanta. A 2019 Amaechi yana ministan sufuri yake kuma darakta janar na yaƙin neman zaɓen Buhari. A 2023 Festus Keyamo yana ƙaramin ministan ƙwadago yake magana da yawun kwamitin kamfen Bola Tinubu, gwamnan Filato Simon Lalong kuma shi ne darakta janar. A ɓangaren PDP, gwamnan Sakkwato Aminu Waziri Tambuwal ne darakta janar na kamfen Atiku Abubakar, gwamnan Akwa Ibom Udom Emmanuel kuma shugaban kwamitin. Dukansu suna karɓar albashi da alawus na jama'a, suna yawo da jami'an tsaron da jama'a ke biya, kuma doka ba ta ce su ɗauki ko hutun kwana ɗaya ba.

Game da kayan gwamnati, amsar a takarda a fili take. Sashe na 95 na dokar 2022 ya ce ba za a yi amfani da kayan aikin hukuma, har da kafafen yaɗa labarai, don fifita ko tauye wata jam'iyya ko ɗan takara ba, kuma ya wajabta wa kafafen gwamnati su raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu. Sashe na 88 ya ƙayyade cewa ɗan takarar shugaban ƙasa ba zai kashe fiye da naira biliyan 5 ba, na gwamna biliyan 1, kuma mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50 ba. Wajen aiwatarwa ne ake samun tangarɗa. Akwai abin da ba ya rabuwa da kujera: shugaban ƙasa ba zai hau motar haya ya je taro ba, kuma ba za a janye masa masu tsaro don yana kamfe ba. A Amurka abin da suke yi shi ne kwamitin kamfe ya biya baitulmali wani kaso na kuɗin tafiyar idan ta siyasa ce. A nan kuwa an saba haɗa biyun a tafiya ɗaya, da safe a ƙaddamar da gada ko a buɗe hanya da sunan aikin gwamnati, da la'asar a wuce filin wasa a ɗaga tutar jam'iyya, kuɗin mai da masauki da ayarin motoci duk a lissafa su a aikin safe. A jihohi lamarin ya fi muni, domin gwamna ne ke da filin wasa da gidan rediyo da hukumar da ke ba da izinin kafa allunan talla, kuma an sha ganin an hana 'yan adawa fili da hujjar gyara ko tsaro, ko an ɗora musu kuɗin da ba za su iya biya ba.

Dalilin da ya sa ba ka ganin an hukunta kowa bai wuce abu biyu ba. INEC ce doka ta ba ikon gurfanar da masu laifin zaɓe, alhali ba ta da 'yan sandan kanta ko masu bincike, kuma a daidai lokacin da ake aikata laifin tana fama da rumfunan zaɓe sama da 176,000. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun 2008 a kafa hukuma ta musamman mai kula da laifukan zaɓe, aka yi ta kai ƙudurin majalisa ba tare da an kai gaci ba har aka yi zaɓen 2023. Na biyu kuma, sashe na 308 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu rigar kariya daga gurfana gaban kotu muddin suna kan mulki, wato mutanen da suka fi kowa damar amfani da kayan gwamnati su ne aka fi wahalar taɓawa.

Amma, Malam, idan ka tambaye ni babbar asarar da ƙasa ke yi a kakar zaɓe, ba kuɗin man jirgi ba ne. Babbar asarar ita ce yadda ake sauya lokacin yanke manyan shawarwari don ya dace da ranar jefa ƙuri'a: mai ɗaci a ɗage shi, mai daɗi a gaggauto da shi. Tallafin man fetur shi ne misali mafi girma. Dokar masana'antar mai da aka sa wa hannu a Agustan 2021 ta share fagen sakin farashi, gwamnati ma ta shirya cire tallafin a 2022, sai a watan Janairun shekarar ta ɗage da wata 18. A 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4, aka kuma ware masa tiriliyan 3.36 a kasafin 2023 don ya kai ƙarshen watan Yuni, wato bayan an miƙa mulki. Manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Peter Obi, duk sun ce za su cire shi. To da yake kowa ya san za a cire, watanni 18 ɗin nan su ne lokacin da ya kamata a tanadi motocin sufuri da ƙarin albashi da sahihiyar rajistar mabuƙata. Ba a yi ba, domin yin shiri tamkar amsa cewa wahala na tafe ne, kuma ba mai son faɗin haka ana gab da zaɓe. Ranar 29 ga Mayu, 2023 sabon shugaba ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabin rantsuwa, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, ba tare da an shimfiɗa wa talaka komai ba.

Ta ɗaya ɓangaren, a Janairun 2015, makonni kaɗan kafin zaɓe, gwamnatin Goodluck Jonathan ta rage farashin lita daga naira 97 zuwa 87. Gaskiya ne farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya a lokacin, amma ya daɗe da fara faɗuwa kafin a tuna da ragin. Kafin zaɓen 2019 kuma mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya zaga kasuwanni da shirin TraderMoni, ana ba ƙananan 'yan kasuwa rancen naira 10,000 ba tare da jingina ba. Gwamnati ta ce shiri ne da majalisa ta amince da kuɗinsa, 'yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne da kuɗin baitulmali. Dukkan maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar ƙa'idar da za ta ce irin wannan rabo ya dakata na wasu watanni kafin zaɓe, don a huta da gardama.

Sauya fasalin naira ya nuna wata fuskar daban, inda aka ɗauki babban mataki na tattalin arziki aka cusa shi cikin jadawalin zaɓe. Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele, wanda watanni kaɗan kafin nan aka saya wa fom ɗin takarar shugaban ƙasa yana kan kujerarsa, ya sanar da shirin ranar 26 ga Oktoba, 2022. Ministar kuɗi Zainab Ahmed ta gaya wa 'yan majalisar dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. Sababbin takardun 200 da 500 da 1,000 suka fito ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar shi ne hana sayen ƙuri'a. Abin da jama'a suka gani shi ne layi a bakin banki tun kafin asuba, da masu POS suna sayar wa mutum kuɗinsa, da manomi a kasuwar ƙauye da ya kawo buhun masara ko akuya ya rasa mai tsabar kuɗi, shi kuma ba shi da asusun banki, dole ya karyar ko ya koma da kayansa. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukansu 'yan jam'iyya mai mulki, suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, ɗan takarar jam'iyyar kansa, Tinubu, ya tsaya a Abeokuta ya ce da shi ake. Kotun ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, amma lokacin an riga an yi zaɓen, an kuma riga an yi asarar. Da an yi wannan aiki a shekara ta biyu ta mulki, a ba shi wa'adi mai tsawo, da bai zama abin da ya zama ba.

Ƙidayar jama'a ma haka ta salwanta. An tsara ta jim kaɗan bayan zaɓe, aka matsar da ita zuwa farkon Mayun 2023 bayan an ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris, sannan aka ɗage ta gaba ɗaya aka bar wa gwamnati mai zuwa, bayan an kashe kuɗi masu yawa wajen shiri, alhali rabon ƙasar da ƙidaya tun 2006.

Akwai kuma watanni ukun da ke tsakanin zaɓe da rantsuwa, waɗanda mutane ba su cika lura da su ba, alhali a cikinsu gwamnati mai barin gado tana da cikakken iko ba tare da tsoron mai zaɓe ba. Wani lokaci alheri kan fito daga nan: a Maris na 2023 ne aka sa hannu kan gyare-gyaren tsarin mulki da suka ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jiragen ƙasa, suka kuma wajabta wa sabon shugaba miƙa sunayen ministoci cikin kwana 60. Amma a watan Mayun ne kuma majalisa ta amince a mayar da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ci daga Babban Banki zuwa bashi na dogon zango, makonni kaɗan kafin waɗanda suka ci bashin su tafi. Ghana ta yi dokar miƙa mulki tun 2012, wadda ta fayyace yadda za a kafa kwamiti da yadda za a miƙa bayanai da kadarorin gwamnati. A Najeriya, a 2023, umarnin shugaban ƙasa ne ya kafa kwamitin miƙa mulki ƙarƙashin Sakataren Gwamnati Boss Mustapha, kuma abin da umarni ya kafa wani umarnin yana iya rushe shi.

Gyaran da nake ganin ya fi gaggawa shi ne a sa wa gwamnati iyaka a watannin ƙarshe kafin zaɓe da kuma bayansa: kada a fara sabon rabon kuɗi ko kaya sai na agajin gaggawa irin na ambaliya, kada a ci sabon babban bashi ko a yi naɗe-naɗe masu dogon wa'adi, duk ministan da ya karɓi muƙami a kwamitin kamfe ya tafi hutu ba albashi, jam'iyya kuma ta biya kuɗin duk tafiyar da aka ɗaga tutarta a ciki. Kafin a kai ga haka, akwai abin da kai kanka za ka iya yi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. Kana iya tambayar nawa aka kashe a wata tafiya, daga wane asusu, ko sau nawa minista ya zauna taron shugabannin ma'aikatarsa cikin wata uku. Idan an ƙi amsawa, dokar ta ba ka kwana 30 ka kai ƙara kotu, kuma ya fi sauƙi idan ƙungiya ce ta ɗauki nauyin bin maganar maimakon mutum ɗaya.